Na gwada bindiga huɗu a filin harbin faifai, har yanzu ban san wadda zan saya ba

Nura Lids: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Wata biyu ke nan da wani abokin aikina ya ja ni filin harbin faifai da ke bayan garin Lids a nan Ingila, kuma tun ranar abin ya shiga raina. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani ɗan faifai ne mai ruwan lemo, faɗinsa santimita 11, na'ura ke cilla shi sama, kai kuma ka bi shi da bindigar tsuntsaye mai watsa ƙwayoyin dalma. Kana cewa "ful" sai ya tashi. In ka same shi da kyau, sai dai ka ga ƙura a inda yake.

Zuwana biyar, kusan kullum da bindigar da ake ara mini. Ta farko Beretta 686 Silver Pigeon ce, lamba 12, baki biyu ɗaya a kan ɗaya, tsawon hancinta inci 30. Cikin faifai 25 na fasa 11. Sai Browning B525, na ji ta fi cika mini hannu, na fasa 9. Ta uku wata 'yar lamba 20 ce mara nauyi, na zaɓe ta da kaina don na zaci ƙarama za ta fi sauƙi, amma na kwana uku kuncina a kumbure, kafaɗata ta yi tabo. Ta huɗu Beretta A400 ce mai loda kanta, laushi kamar ba harbi kake ba, da ita na fasa 14.

Na riga na tura takardun neman lasisi wajen 'yan sanda. Abin da na ware fam 1,200 ne. Zuciyata tana kan mai loda kanta tunda da ita na fi ci. Me kuka gani?

Sadiq Hustan: Wa alaikumus salam. Ai ka riga ka ba kanka amsa. Wadda ba ta dukanka kuma ka fi fasa faifai da ita, me ya rage? Nan Tekzas da yawan masu farawa da mai loda kanta suke farawa. Iskar albarushin da ta tura harsashi ita ke komawa ta tura ƙarfen ciki baya, shi ya sa shurin yake zuwa a hankali maimakon lokaci guda. Ni da irinta na fara shekara huɗu da suka wuce, har yau ban sake ba.

Baban Hanif: Nura ƙanena, barka da shigowa. Shekarata tara a wannan wasa, kuma abin da zan ce ba zai yi maka daɗi ba: mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Waɗannan lambobin naka, 11 da 9 da 14, ba bindiga suke aunawa ba. A rana ta farko ba ka san komai ba, a rana ta biyar ka fara gane inda ake sa ƙafa. Da a ce ka fara da mai loda kanta ka ƙare da Browning, ina mai tabbatar maka yau Browning kake yabo. Sannan ban sani ba ko faifai iri ɗaya aka cilla maka. Wanda ya tashi daga gabanka ya miƙe yana gudunka daban yake da wanda ya gilma daga hagu zuwa dama a mita 30. Ko iskar ranar kaɗai ta isa ta canza lissafi.

Ga abin da nake so ka yi in ka koma. Karɓi bindiga, ka tabbatar ba komai a ciki, ka tsaya inda malamin fili ya yarda. Rufe ido biyu, ka ɗaga ta zuwa kuncinka da kafaɗarka yadda jikinka ya ga dama, sannan ka buɗe. Me idonka yake gani? In kana kallon bayan makullin bindigar ne, wato ɗan ƙarfen sama da ake buɗe ta da shi, katakon ya yi maka ƙasa. In kana ganin doguwar hanyar ƙarfen nan ta saman hanci shimfiɗe kamar titi, ya yi sama da yawa. In ƙwallon da ke bakin yana gefe, katakon bai karkato daidai fuskarka ba. Bindigar tsuntsaye ba ta da wurin saiti na baya irin na bindigar soja, idonka ne saitin bayan. Duk inda katako ya ajiye idonka, can ƙwayoyi za su tafi, ko da Perazzi ce ta fam dubu goma.

Nura Lids: Yaya, wallahi ba wanda ya taɓa sa ni na yi haka. Ana miƙo mini ne kawai a ce bismilla. Amma fa gaskiya mai loda kanta ba ta duke ni ba, wannan kam jikina ne shaida.

Baban Hanif: Ban musa ba, Sadiq ya faɗi gaskiya a nan. Amma ka tambayi kanka me ya sa 'yar lamba 20 ta kumbura maka kunci. Ba ta kai kilo 3 ba, kuma ina zargin harsashi mai giram 28 suka ba ka. Bindiga mara nauyi da harsashi mai nauyi, kafaɗarka ce za ta biya. Ɗauki lamba 12 mai kilo 3 da rabi ka sa mata giram 21 ko 24, za ka yini kana harbi ba ka ji komai ba. A gasar Olamfik ma ba a yarda a wuce giram 24 ba, kuma da shi Nathan Hales ya fasa 48 cikin 50 a zagayen ƙarshe ya ɗauko wa Birtaniya zinare a 2024. To kai da ni me za mu yi da nauyin da ya wuce haka muna koyo?

Habu Zariya: Ku yi haƙuri da tambayar baƙo. Yaya za a yi lamba 20 ta zama ƙarama a kan lamba 12?

Dokta Aminu: Tsohon lissafin maƙera ne, Malam Habu. A ɗauki dalma mai nauyin laba ɗaya, a raba ta dunƙule 12 daidai wa daida. Faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin ramin lamba 12, wajen milimita 18 da rabi. In aka raba ta 20, kowane dunƙule ya ƙanƙance, ramin ma haka. Shi ya sa lamba tana hawa, baki yana tsukewa.

Tunda na shigo, Nura, ina roƙonka abu ɗaya a matsayina na likita. Kada ka harba ko guda ɗaya ba toshiyar kunne. Ƙarar bindigar nan tana haura desibel 140, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ni soso nake cusawa a ciki sannan na ɗora babbar marufar a sama. Tabarau ma dole ne, domin ɓaraguzan faifai suna da kaifi kuma kanka suke zubowa in ya fashe a sama. In ka gama ka wanke hannu kafin ka ci wani abu, dalma ce.

Maman Zahra: Sannunku. Ina karantawa tun ɗazu, ban ga wanda ya tambayi Nura wane ido ne shugaba a fuskarsa ba. Ni wata shida na yi ina kuskure ta hagun faifai, kullum hagu. Na canza bindiga sau uku ina ganin laifinsu, har na yanke shawarar wasan ba nawa ba ne. Wata tsohuwa ce a filinmu na kusa da Manchesta, mai kula da na'urori, ta kira ni gefe ta ce in miƙa hannu in nuna wani turke da ɗan yatsa ido biyu a buɗe, sannan in rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Da na rufe na dama yatsana bai motsa ba. Da na rufe na hagu sai ya yi tsalle ya bar turken. Ashe ni 'yar dama ce a hannu, amma idon hagu ke jan ragama. Ta ciro ɗan salatif mai duhu-duhu, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ta manna a gilashin tabarauna na hagu daidai inda ido ke haɗuwa da bakin bindiga. A ranar na fasa 17, ni da ban taɓa wuce 8 ba. Na zauna a mota na yi ta hawaye don murna.

Malam Nura, gwada wannan yanzu a ɗaki, ko sisi ba za ka kashe ba.

Nura Lids: Hajiya, na gwada yanzun nan da makunnin fitila. Da na rufe idon hagu yatsana yana nan daram. Na rufe na dama ya kauce.

Maman Zahra: Alhamdulillahi, in kai ɗan dama ne a hannu, idonka da hannunka bakinsu ɗaya. Matsala ɗaya ta ragu.

Malam Isa Gusau: Ku gafarce ni, ba don in ɓata muku hira ba. Ni ina zaune a inda kalmar bindiga ba wasa ba ce. Ƙauyen mahaifiyata ya watse, mutanensa suna gudun hijira a gidajen dangi. In na buɗe waya na ga 'yan'uwana suna zaɓen bindiga kamar masu zaɓen shadda, sai zuciyata ta yi nauyi. Ba wani wasan ne da za ku yi sai wannan?

Baban Hanif: Malam Isa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Ban ga laifin maganarka ba ko kaɗan, ni ma ina da dangi a Birnin Gwari. Abin da zan iya faɗa maka shi ne yadda abin yake a nan. Kafin a ba ni lasisi sai da likitana ya rubuta rahoto a kan lafiyata, ɗan sanda ya zo har gida ya zauna da ni, ya girgiza akwatin ƙarfen da na ɗaure a bango ya tabbatar ba ya motsi. Duk shekara biyar sai an sabunta. Ko maiɗakina ba ta san inda makullin yake ba, domin doka ba ta yarda wanda ba shi da lasisi ya iya kaiwa ga bindigar ba. A fili kuwa, ba ka sa harsashi sai ka shiga kejin harbi, ba ka fitowa sai bindiga a karye, wato a buɗe ta tsakiya, ba komai ciki. Ka juyo da ita a rufe sau ɗaya, za a yi maka tsawa a gaban kowa, ka maimaita a sallame ka. Ban taɓa koyon tsoron bindiga da girmama ta ba kamar a wurin nan.

Kawu Ɗanlami: Isa ɗana, na ji zafin maganarka, Allah ya sanyaya. Amma bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa a hannun mutanen kirki kafin waɗannan azzalumai. Mahaifina mafarauci ne. Da bindigar toka ya fara, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsinke, daga baya ya samu mai baki biyu a jere, da lasisinta a ninke cikin leda. Ina yaro nake riƙe masa jaka in za shi harbin zabin daji da fakara. Kalmarsa ɗaya ce kullum: kada ka harbi inda tsuntsu yake, harbi inda za shi. Da nake karanta bayanin yaran nan sai na ga ilimin mahaifina ne suke biyan kuɗi su koya, sai dai su ba jini.

Malam Isa Gusau: Na ji, Kawu. Har yanzu raina bai kwanta da abin ba, amma na fahimci ba abin da na zata ba ne. Allah ya tsare.

Dokta Aminu: Amin. Kuma maganar Kawu ta ba jini ita ce asalin wasan. Da can tattabarai masu rai ake sakawa a akwati, a ja igiya murfi ya buɗe su tashi a harbe. "Ful" ɗin da Nura yake faɗa umarni ne ga mai jan igiyar, har yau kalmar ba ta canza ba. Wani Ba'amurke a Sinsinati, George Ligowsky, shi ya ƙirƙiro faifan yumɓu wajen 1880, Birtaniya kuma ta haramta harbin tsuntsun da aka tsare a 1921. Faifan yanzu ma ba yumɓu ba ne, garin farar ƙasa ne da wani abu mai kama da kwalta.

Sadiq Hustan: Mu dawo kan bindiga. Baban Hanif, da girmamawa, ban ji hujjar da ta kayar da mai loda kanta ba. Ka ce ya jira, na yarda. To in ya gama jira fa?

Baban Hanif: In ya gama jira kuma ita ce ta zauna masa a fuska, ya saya, ba zan ce uffan ba. Amma ga dalilina na fifita mai karyewa ga ɗan koyo a Ingila. In ka karya ta ka rataya a hannu, mutum daga mita 50 ya san ba za ta tashi ba. Mai loda kanta sai ka ja ƙarfe baya ka cusa 'yar tuta, kuma duk da haka za ka ga ana satar kallonka. Tana tofar da kwanso gefe, sai ka gama ka bi ciyawa kana tsinta alhali na bayanka suna jira. Baki biyu kuma yana ba ka cok biyu. Cok shi ne ɗan matsin da ke ƙarshen hanci, shi ke sa ƙwayoyi su bazu da wuri ko su tafi a dunƙule. In aka cillo faifai biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, sai ka ba na kusa baki mai buɗi, na nesa mai matsi. Sannan a nan, da lasisin bindigar tsuntsaye, mai loda kanta ba ta wuce harsashi uku, a fili kuma biyu za ka sa. To ina ribar?

Sadiq Hustan: Ribar kafaɗa ce. Harba 100 a yini ka gani. Kuma maganar cok biyu, ɗan koyo bai kai can ba. Ya sa mai buɗi ya manta da shi shekara guda.

Baban Hanif: A wannan ta ƙarshe muna tare ɗari bisa ɗari. Nura, sa cok mai ɗan matsi kaɗan da ake kira kwata a baki biyun, ko kwata a ɗaya rabi a ɗaya, ka ɗaure ka jefa makullin cok a aljihun jaka. Na ga mutane suna canza cok a kowane keji alhali mita biyu suke kuskurewa ta baya.

Garba Bresha: Ni karatu ya kawo ni Italiya, kuma Gardone Val Trompia, garin Beretta, bai kai tafiyar awa ɗaya daga ɗakina ba. Tun 1526 gidan nan yake ƙera hancin bindiga, Perazzi ma nan kusa take a Botticino. Abin da na lura a filayen nan, tsofaffi da yawa bindigar da suka saya tun suna samari ita suke riƙe da ita, an sake mata 'yan ƙarafan ciki ne kawai. Da fam 1,200 ni tsohuwar Silver Pigeon ko Miroku zan nema. Miroku ta Japan ita ce ma take ƙera wa Browning B525.

Maman Zahra: Ban yarda a raina sababbin Turkiyya ba. Tawa ATA ce, na saye ta sabuwa da kusan rabin kuɗin da Nura ya ware, da takardar garanti, shekara uku ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ragowar kuɗin na kai wa malami. Darasi shida na yi, kuma su suka canza harbina, ba sunan da ke jikin ƙarfe ba. Tsohuwar bindiga kuma in ba ka san abin dubawa ba, sai ka sayo wahalar wani.

Garba Bresha: Gaskiya ne Hajiya, amma ranar sayarwa fa? Tsohuwar Beretta kusan kuɗinka za ka mayar.

Maman Zahra: Wanda ya iya harbi ba ya saurin sayarwa.

Baban Hanif: Ku duka kuna da gaskiya, kuma Hajiya ta taɓo inda kuɗin yake tafiya da gaske. Bindiga sau ɗaya ake saye. Harsashi da faifai kullum ne. A filinmu in ka harba 100, tsakanin kuɗin faifai da na harsashi fam 70 ba ta cika isa ba. Yi haka sau biyu a wata, shekara ɗaya ka wuce kuɗin bindigar. In za ka sayi tsohuwa, Nura, kira ni mu je tare. A cire katakon gaba a girgiza a ji ko hanci yana lilo a jikin uwar, a ɗaga shi ga haske a duba tsatsa ko kumburi, a duba tsagewa a katako inda ya haɗu da ƙarfe. Kuma shagon da ke da fili, wanda zai bar ka ka harba kafin ka biya, shi za mu je.

Nura Lids: Jama'a na dawo, bayan mako uku. Na yi abin da Yaya Baban Hanif ya ce. Na biya darasin awa ɗaya, na roƙi malamin ya fito da bindiga uku a rana ɗaya, keji ɗaya, faifai iri ɗaya mai gilmawa daga dama, harsashi giram 24 duka.

Gwajin rufe ido ya ba ni mamaki. Da Silver Pigeon, ina buɗe ido sai na ga bayan makulli, ƙwallon baki ya ɓace. Ashe shi ya sa nake ɗaga kai daga katako ban sani ba, kuma malamin ya ce duk wanda ya ɗaga kai ta sama zai harba. Ya ɗaura mata wata 'yar roba a saman katako, milimita 5 kacal, nan take hanya ta fito. Browning kuwa ba a ƙara mata komai ba, ina buɗe ido ƙwallon yana zaune a tsakiya. Ita ce fa wadda na fi raina wa, mai 9. Mai loda kanta tana nan da laushinta, Sadiq, amma katakon ya yi mini gajere, babban yatsana har yana taɓa hancina. Malamin ya ce ana iya ƙara mata tsawo.

Goma-goma na harba. Browning 7, Beretta da roba 7, mai loda kanta 6. Na san yanzu wannan ba hujja ba ce. Abin da ya fi tsaya mini shi ne lokacin da malamin ya tsaya a bayana ya ce in daina kallon bakin bindiga, in kafe ido a gaban faifan, in ci gaba da tafiya da hannu bayan na ja kunama. Na harbi sarari, wajen taku ɗaya a gaban faifai, zuciyata tana cewa na yi kuskure, sai ga shi ya tarwatse. Kawu Ɗanlami, maganar mahaifinka ce ta faɗo mini a wurin.

Lasisi bai fito ba tukuna, ɗan sandan ya ce zai zo duba akwati mako mai zuwa. Na roƙi a riƙa ajiye mini Browning ɗin nan duk Asabar har wata uku, ba zan ƙara taɓa wata ba.

Sadiq Hustan: Ka sa a ƙara wa mai loda kanta tsawon ka sake gwadawa ko sau ɗaya kafin ka biya kuɗi. Abin da nake roƙo ke nan.

Nura Lids: Na yi alkawari, bayan wata ukun.

Baban Hanif: Madalla. Asabar ta sama ina da hanya ta Lids, zan taho da Miroku ɗina da kwalin giram 21. Ƙarfe goma ya yi maka?

Nura Lids: Ya yi, Yaya. Zan kama mana keji tun ranar Alhamis, don Asabar cika yake yi.